Ranar da Na Kwashe Jujin Surukata

Shekarun baya, lokacin da na ajiye aikin gwamnati, na tafka wata ɓarna wadda har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai ina dariya ni kaɗai. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni yadda aka yi mutumin Minna ya zama ɗan ƙauye a ƙasar Tofa. Na ce bari in ba ku labarin gaba ɗaya, tunda wadda na yi wa laifin ta yafe mini tun tana raye.

A Minna aka haife ni, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifina ma a bariki ya tashi, saboda haka ban taɓa samun wani ƙauye da zan nuna da yatsa in ce can ne gida ba. Aikina duba-gari. Shekara talatin da biyar ina sanye da kaki, ina leƙa randunan mutane, ina bin kwatami, ina sa a kwashe bola. Da mata sun hango ni daga bakin layi sai ka ji suna ƙwala wa juna kira a rufe tulu, a share tsakar gida. Ba yabon kai ba, hancina yakan riga idona gano ƙazanta.

Da takardar ritaya ta fito aka ce mu bar gidan gwamnati. 'Ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, kowa da garin da yake. Na yi kwanaki ina juya tunanin inda za mu nufa, har matata ta gaji da ganina na zabga tagumi.

Ta ce, "Malam, mu tafi gida mana. Ga filin da Baba ya bar mini yana zaune, ga Inna ta tsufa. Me muka ajiye a nan?"

Na ce, "Gidanku dai."

Ta ce, "To ina naka yake, mu je can?"

A haka muka tsayar da magana.

Da na gaya wa abokina wanda muka yi aiki ofis ɗaya, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Wato da tsufanka za ka zama mijin-ta-ce? Kowa yana kai matarsa garinsu, kai matarka ce za ta saka ka a mota ta kai ka nasu." Na taya shi dariyar, amma maganar ta zauna mini a rai. Abin da nake tsoro ke nan: in je garin surukai in zauna a matsayin baƙo har in mutu.

Muka tattara komatsanmu muka taho Jihar Kano. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu daji. Gona tana manne da gona, daga bakin titi har iyakar ganinka, kuma kowace bishiya da mai ita. Muka gina ɗaki uku a jikin gidansu matata. Mutanen garin sun karɓe ni hannu bibbiyu, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sai dai wata shida ina nan, duk wanda ya gamu da ni bayan ya gaishe ni sai ya ƙara da, "Ya baƙunta, Malam?" Ina amsawa da alhamdu lillahi, amma kowace tambaya sai ta tuna mini da dariyar abokina.

Surukata, wadda kowa yake kira Inna, 'yar tsohuwa ce ƙarama mai kazar-kazar. Fiye da shekara talatin ina auren 'yarta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In na cire takalmi na durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, ko ina tsaye a wurin, sai ta dubi 'yarta ta ce, "Ki gaya masa kaza." Tana da awaki huɗu da tunkiya biyu, da wata 'yar gayauna da take nomawa a bayan gari. Alfaharinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta gajiya da faɗarsa: tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa cin ƙwayar hatsi daga rumbun kowa ba, har na ɗanta.

To a bayan ɗakinta, daidai saitin tagarmu, akwai wani juji da ya kai mini ƙirji. Kashin awaki ne, da toka, da ƙaiƙayi, da ragowar harawa. Kullum da safe sai in ga Inna ta fito da wani tsohon faranti ta juye abin da ta sharo daga turken dabbobinta a kai. Ni kuma ina daga taga, duba-garin da ke jikina yana ta tafasa. Wata rana na kasa daurewa na ce wa matata, "Wai wannan jujin fa?"

Ta ce, "Na Inna ne. Bar shi kawai."

Ni a nawa wayon sai na ɗauka kunya ce ta hana kowa yi wa tsohuwa magana, kuma ba ta da ƙarfin da za ta kwashe shi da kanta. Kada ku ce ban san ana sa taki a gona ba. Na sani. Amma a kaina taki shi ne farin nan da ake sayowa a buhu. Abin da yake bayan tagata kuwa, a duk littafin da na karanta sunansa bola. Sai na ƙudurta a raina cewa ga damar da zan nuna wa mutanen garin nan ni ma ina da amfani.

Damar ta zo a cikin bazara, lokacin da zafi ya yi zafi, gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Aka yi haihuwa a Ungogo, matan gidan suka ɗunguma suna har da Inna, za su yi kwana biyu. Yayan matata, wanda shi ne babba a gidan, ya tafi cin kasuwa. Ina ganin gida ya zama nawa na fita bakin titi na tsayar da wani mai a-kori-kura, na kawo shi har gindin jujin.

Ya dubi jujin, ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, duka?"

Na ce, "Duka. Ko tsinke kada ka bari."

Ya ce, "Masu shi sun sani kuwa?"

Na ce, "Ni ne na ce a kwashe. Ka kai shi duk inda ka ga dama, in dai ba zan ƙara ganinsa ba."

Ban taɓa ganin mutum yana aikin bola da irin wannan nishaɗi ba. Sawu uku ya yi, har da karkare ƙasan wurin da shebur. Da ya gama na sa hannu a aljihu zan sallame shi, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Haba Alhaji, wallahi ba zan karɓa ba. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Ya ja motarsa da sauri. Na tsaya ina cewa a raina, kai, mutanen Kano akwai kirki.

Ana cikin lodin wani dattijo maƙwabcinmu ya zo wucewa. Ya tsaya ya dogara sandarsa yana kallo, sannan ya ce, "Malam, Inna ce ta sayar?"

Na ce, "A'a Baba, tsafta ce kawai."

Ya ce, "Ikon Allah." Ya wuce abinsa.

Na bi wurin da manjagara, na yayyafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, na share shi tas. Ranar da matan za su dawo har wanka na sake, na saka farar riga, na ɗauko kujera na zauna ina jiran yabo.

Suka sauko daga adaidaita sahu da ƙullin kayan suna. Inna ce ta fara zagayowa bayan ɗaki don ta duba awakinta. Tana shan kwana ta tsaya cak. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta sunkuya ta ɗebi ƙasar wurin a tafin hannu, ta shinshina, ta zubar, ta shige ɗakinta ta saki labule. Ko salati ban ji ta yi ba.

Matata ta ƙaraso ta kalli wurin, ta kalle ni da farar rigata. Ta ce, "Malam, ina takin Inna?"

Na ce, "Wane taki? Bolar nan dai na sa aka kwashe."

Ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, ka kashe mu."

Yayan matata mutum ne mai haƙuri, bai yi mini faɗa ba. Da la'asar ya ce in zo in raka shi, muka taka har gayaunar Inna. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya buɗe yatsunsa, ta zube kamar gishiri. Ya ce, "Ka ga ƙasar nan? Tun kakanninmu ba ta taɓa hutawa ko damina ɗaya ba. Mu nan ba mu da dajin da za mu je mu sari sabuwar gona. Abin da yake riƙe da ita shi ne abin da ka kyautar. Tun da aka gama girbi Inna take tara shi faranti-faranti. Sati mai zuwa muka shirya za mu ɗora wa jaki mu kawo mata nan kafin ruwa ya sauka."

Na ce a nemo mai motar. Ya yi murmushi ya ce, "Ai yanzu haka yana can a gonar wani, an baza shi. Kai ka ga mutumin da aka ba irin wannan kyauta ya tsaya a kusa?"

Na ce to zan sayo mata na buhu, ko nawa take so. Ya ce in aika a tambaye ta. Matata ta shiga ta fito da amsa. Ta ce, "Ta ce in gaya maka ta gode. Wai na buhu kamar shayi yake, yana wartsakar da mutum amma ba ya riƙe ciki, ƙasarta kuma yunwa take ji. Ta ce kada ka damu kanka, bana sai ta ci daga rumbun Yaya." Sannan matata ta ƙara da cewa, "Da ta zo faɗar rumbun Yaya muryarta rawa ta yi."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya tsohuwar nan take taƙama da shi, ni kuma na zo daga wata jiha na ɗora shi a mota har ina yaba kirkin direba.

Washegari da safe ina taga sai na ga ta fito da tsohon farantinta kamar kullum. Ta je tsakiyar wurin da na share tas ta juye. Ɗan tulin da bai fi dunƙulen hannu biyu ba, shi kaɗai a fili. Ta kakkaɓe farantin ta koma. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ranar na ce wa matata ni fa ina ganin gara mu koma Minna, ko ɗaki biyu ne mu kama haya, don ban san da wane ido zan ƙara kallon mutanen garin nan ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wato ka kwashe mata taki, yanzu kuma za ka kwashe mata 'ya?"

Na je na buɗe akwati na ɗauko tsohon kakina na aiki, na ari baro da shebur a wurin yayanta.

Da farko na yi tunanin in bi gida-gida in nemi a sayar mini. Nan na ƙara gane girman wautata. Kowane gida da jujinsa, kuma kowane juji an riga an san gonar da za a kai shi. Ana gab da shuka, babu mai rabuwa da nasa. Sai na koma bin burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya, ina tsintar abin da suka bari. Ko nan ma sai ka yi sammako, don ba ni kaɗai ne mai nema ba. Ku kwatanta abin a ranku: mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana korar ƙazanta, ga shi da furfurarsa yana tura baro yana murna in ya hango kashin saniya.

Mutane suka samu abin dariya. Masu tafiya gona suna ɗaga mini hannu: "Duba-gari, an samu kuwa?" Wani ya ce, "Malam, akwai wani sabo can gindin ɗorawa, yi sauri kada a riga ka!" Matan da ke dawowa daga rijiya suna rufe baki da mayafi. Ina amsa wa kowa, ina ci gaba da turawa. Kwana huɗu ina yi, hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage. Abin da na tara kuwa ko gwiwata bai kai ba. Gajimare kullum ƙara haɗuwa yake, ni kuma na san ba zan cim ma ruwan ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame, dattijon nan da ya ce mini ikon Allah ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga yadda ya faffashe. Ya ce, "Malam, mu ma da laifinmu. Ina tsaye aka yi lodin nan. Da ɗan garin nan ne da sandar nan zan kore shi. Amma na ce baƙo ne, kuma surukin gida, kada in kunyata shi. Ka ga kunyar ba ta amfani kowa ba." Ya saki hannuna ya ce in je gida in huta.

Washegari da hantsi yayan matata ya leƙo ya ce in fito in gani. Jakuna ne a jere a kan hanyar bayan gari, kowanne da mangala cike da taki, sun nufi gayaunar Inna. Kowane gida ya ɗebo daga nasa ya aiko. Ba wai rara gare su ba. Duk wanda ya aiko da mangala ɗaya, daga bakin gonarsa ya rage. Na tura barona na bi su a baya da ɗan abin da na tsinto. Muka yi ta zuba shi tsibi-tsibi a jere, suna yi suna tsokanata. Wani ya ce in matsa kada in ɓata kaki, wani ya ce a riƙe shebur ɗin Malam kada ya sa a kwashe wannan ma. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba.

Da muka dawo, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran wake. Na durƙusa daga nesa. Ta kau da kai kamar kullum, ta ce wa 'yarta, "Ki ba shi man kaɗanya ya shafa a hannun."

Bayan kwana tara ruwa ya sauka, aka yi shuka. Geron Inna na shekarar bai kai na shekarar da ta gabace ta ba, ita da kanta ta faɗa, kuma ta tabbatar na ji. Amma ya kai ta har wata kakar ba ta buɗe rumbun kowa ba.

Bayan an gama girbi, wata safiya matata ta shigo tana jan 'yar akuya ja da igiya, tana ƙunshe dariya. Ta ce, "Inna ta ce in kawo maka. Wai ka kafa turke ka fara tara naka. Ta ce in kana da naka za ka bar na mutane." Na kafa turken a ranar. Ban lura da lokacin da abin ya canza ba, sai dai wata rana na farga cewa an daɗe ba wanda ya ce mini ya baƙunta. Gaisuwar ta koma, "Duba-gari, ya dabbobi? Ya jujin naka, yana tashi kuwa?"

Inna ta ƙara shekara shida tare da mu. A bazarar ƙarshe ta kwanta ciwo, jikin ya yi nauyi. Wata rana da rana tsaka matata ta fito ta ce Inna tana kirana. Na ce ta faɗa mini saƙon mana. Ta ce, "A'a, cewa ta yi ka shigo." Ban taɓa taka cikin ɗakin nan ba sai ranar. Na durƙusa a bakin gado, fuskarta tana kallon bango.

Ta ce, "Duba-gari."

Na waiga ina neman wadda za ta isar da saƙon, sai na ga matata ta tsaya a waje. Da ni take magana. Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Jujina yana nan a baya. Ka kai shi gona kafin ruwa ya sauka. Kai na bar wa, don na san ba za ka bari ko faranti ɗaya ya zube a hanya ba."

Kwana uku bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki yayan matata ya ce a ɗaura wa jakuna mangala a gama aikin a yini ɗaya. Na roƙe shi ya bar mini. Da baro na kai shi, sawu-sawu, har ya ƙare.

In na waiwaya yanzu, abin da ya fi ba ni kunya ba rashin sanin taki ba ne. Matata ta ce mini na Inna ne, bar shi, ban tambaye ta dalili ba. Direba ya tambaye ni, dattijo ya tambaye ni, duk ban ji ba, saboda na zo da ilimina a aljihu ina neman inda zan zazzage shi. Na so in zama ɗan gari ta hanyar gyara musu gari. Ashe sai da na ɓata, suka gan ni ina tsintar kashin shanu, sannan suka samu hanyar da za su jawo ni jikinsu. Ina son mutanen nan, kuma ina kewar tsohuwar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bara abokin nan nawa na Minna ya kawo mini ziyara. Muna zagayawa bayan gida ya toshe hanci ya ce, "Haba duba-gari, wannan bolar fa a gindin tagarka?" Na ce masa ya taɓa ta ya ga yadda ake korar baƙo da sanda a garin nan. Jikokin jar akuyar nan ne suke cika ta. Kullum da safe ni nake sharo turke in je in juye, a daidai wurin da Inna take juye nata, kuma da farantinta nake yi.